Numfashin Bappayo a Kan Gilashi

Da sassafe na maƙala wa mutum bakwai famfo a ƙugu,
siririn tiyo ya haye kafaɗa,
bakinsa a wuyan riga, dab da hanci,
don abin da huhu zai sha, shi ma ya sha.
Injin niƙa dutse na hanyar Dukku ya yi gyaran murya,
aiki ya fara.

La'asar sakaliya na kwance su.
Kowace matata faɗin kwabo, da safe fara sol,
yanzu ta koma launin tokar murhu.
Na rubuta suna a kan murfi:
Lamela, Manu direba, Bappayo, da sauransu.
Na rungume jaka kamar mai tallar ƙwai,
hadari na bin acaɓarmu har Pantami,
babu tsayawa hira.

Ɗakin awo: fanka a kashe, taga a rufe,
ko tari ya zo sai an kai shi waje.
Ɗigon magani ɗaya, matata ta yi garau.
Na ɗora ta a gilashi, na sunkuya,
na murɗa madubi a hankali
har duhu ya janye, fili ya fito
da layuka irin gidajen dara.

Ga su nan.
Wani kamar tsinin allura da ya karye,
wani ɓallin kasko,
wani ɗigo kawai, wasalin da ya ɓata daga baƙinsa.
Manyan ba sa tayar mini da hankali,
hanci na tare su, kaki na korar su.
Ƙananan nan dai, da ashirin za su jeru a kaurin gashi guda,
su ke shiga ba sallama,
su gangara ƙasan huhu su kafa bukka,
ba kuɗin haya, ba ranar ƙaura.

Babban yatsa na danna maƙirgi, ƙas, ƙas,
kamar mai jan carbi,
sai dai ba lada nake tarawa ba.
Gida ɗari a kowane gilashi.
Na Lamela ya cika kamar kasuwar hatsi.
Na Manu da sauƙi, motarsa na da taga.
Na Bappayo, wayam.
Na goge ido, na goge madubi, na sake lura.

Mutumin da ke tsaye a bakin injin,
wanda girarsa ta yi furfura tun bai kai arba'in ba!

Washegari ya yi dariya, ya nuna darbejiya:
"Can na rataye shi, na kifa masa hula.
An ce in lamba ta hau za a garƙame wurin.
Dutsen nan shi ne tuwonmu, Malama,
ni da uwarsu da yara."

Ban yi masa wa'azi ba.
Na ce ranar Juma'a ya biyo ta Pantami.
Ya zo da farar riga, ya tuɓe takalmi a ƙofa,
ya kafa ido ɗaya, ya daɗe.
"Wannan sama ce da taurari?"
Na ce, yinin Lamela ne,
wanda ke taku goma a bayanka.
Tari ya taso masa, ya danne baki, ya fita da sauri
don kar ya ɓata mini awo.
Na tsaya ina jira.

Da ya dawo ya ce, "Litinin ki ɗaura mini.
Amma in za ki rubuta, rubuta musu ruwa,
a jiƙa dutse kafin a niƙa.
Kar ki rubuta kwaɗo."
Na ce lamba zan rubuta yadda ta zo,
ruwan kuma in ja masa layi biyu.
Abin da ofis zai yi da takarda, ban sani ba,
ban kuma yi masa alkawarin gyara.

Gilashin nan wayam yana nan a aljihun tebur.
Na soke sunansa, na rubuta: darbejiya.
Shekara tara ina wannan aiki,
ita kaɗai na auna a wurin
da ta yini ba ta shaƙi ƙura.